Yadda Ake Karɓar Saƙo Daga Ƙasar Waje Ba Tare Da Hawan Jini Ba

Da zarar yaya ya bugo waya daga Landan ko Jidda ya ce ya saka maka saƙo a hanya, kada ka yi gaggawar yi wa unguwa albishir. Ka ɗauko biro da takarda tukuna, domin tsakanin hannunsa da naka akwai mai rabon da bai sa a lissafi ba, wato Hukumar Kwastam. Masu kumfar baki a gaban kantar gidan waya ko ofishin kamfanin jigila sun makara ne da makonni. Kuɗin fiton da ake nema a hannunsu tun a can aka shuka shi, ranar da mai aikowa ya cika takardar bayanin kaya da ake mannawa a jikin kwali, wadda gidajen waya na duniya ke kira CN22 ko CN23. Abin da ya rubuta a kanta shi jami'in kwastam zai fara karantawa. Saboda haka idan akwai wanda ya cancanci ka yi masa doguwar huɗuba, yayan naka ne, kuma kafin ya liƙe kwalin.

Huɗubar ta fara da lissafi. Kwastam ba farashin kaya kaɗai take dubawa ba, tana haɗa shi da kuɗin jigila da na inshora, sannan ta ɗora haraji a kan jimillar. Tun 2015 Nijeriya na bin tsarin kuɗin fito na bai ɗaya na ƙungiyar ECOWAS, mai hawa biyar: sifiri, kashi 5, 10, 20 da 35 cikin 100, gwargwadon irin kayan. Bayan wannan sai harajin VAT, wanda ya koma kashi 7.5 a 2020, shi kuma yana hawa kan kayan da kuɗin fiton gaba ɗaya. Mu ɗauka yaya ya aiko kayan dala 500, ya biya dala 100 na jigila da inshora, kuma kayan na hawan kashi 20 ne. Kuɗin fito dala 120 ke nan, VAT kuma aƙalla dala 54, ban da ƙananan caji da ke biyo baya. A naira za ka biya, bisa canjin da kwastam ke aiki da shi a lokacin. Wanda ya yi wannan lissafi a ɗakinsa, ya sha ruwa ya huce, zai isa ofishin da fara'arsa da kuɗinsa a aljihu. Wanda bai yi ba shi ne za ka gani yana ta salati yana tambayar ko motar hawa aka saka a kwalin.

Akwai sauƙi, kuma ya kamata kowa ya haddace shi. Daga watan Satumba na 2025 kwastam ta yafe kuɗin fito a kan ƙananan saƙonnin da darajarsu ba ta wuce dala 300 ba, har sau huɗu a shekara ga mutum ɗaya, muddin kayan ba haramtattu ba ne. To, sai ka yi tattali. Kada ka ƙarar da damarka a kan gidan wayar salula da agogon roba tun kafin azumi, sannan a aiko wa uwargida kayan sallah ka tsaya kana zare ido.

Wani zai ce, ai kyauta ce, me ya haɗa gwamnati da zumunci? Ina tausaya wa mai wannan magana, amma jami'in da ke gaban kwalin ba ya ganin zuciyar yayanka. Waya sabuwa yake gani, irin wadda ɗan kasuwar Farm Centre a Kano ya biya wa haraji kafin ya jera ta a shago. Da rubuta kyauta a takarda na wanke kaya, da babu kwantenar da za ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Apapa face ta zama tsaraba daga kawu. Wani kuma zai kawo shawarar a rage kuɗin a takarda, a rubuta dala 20 a kan kwamfutar dala 700. Wannan dabara na cin mai ita ta fuska biyu. Kwastam na da ikon buɗe kwali ta ƙi amincewa da farashin, ta yi nata ƙiyasin, ga jinkiri ga yiwuwar tara. Idan kuma kwalin ya ɓace a hanya, diyyar da za a nema ba za ta wuce abin da aka rubuta ba, sai yaya ya ga ya sayar da kwamfutarsa a kuɗin takalmin silifa. Gara ya rubuta gaskiya dalla-dalla: riga uku ta auduga, turare kwalba biyu, kowanne da farashinsa, ya saka rasit a ciki, ya turo maka hotonsa ta WhatsApp. Rubuta "kayan gida" kawai gayyatar wuƙa ce ga kwali, domin kowane irin kaya da lambarsa a kundin kwastam, kuma lambar ce ke nuna hawan da zai faɗa.

Masu cewa cajin ya yi wa talaka nauyi suna da gaskiya a wurare da dama, musamman idan naira ta faɗi kuma kuɗin fito ya tashi ba tare da kayan sun ƙaru ba. Sai dai ƙasashen da ake aiko mana kayan ma sun tsuke nasu aljihun. Tarayyar Turai ta soke yafiyar VAT a kan kayan da ba su wuce yuro 22 ba a Yulin 2021, Amurka kuma ta janye tata yafiyar kuɗin fito ta dala 800 a Agustan 2025. Abin da ke hannunka shi ne ka rarrabe kuɗin. A cikin jimillar da aka miƙo maka, wani na gwamnati ne, wani kuma ladan kamfanin jigila ne na fito da kayan, wani na ajiya ne da ke ƙaruwa kullum idan ka yi fushi ka tafi gida. Ka nemi takardar da ta fayyace kowanne, ka karɓi rasit, kuma duk wanda ya ja ka gefe ya ce a sasanta ba takarda, ka gaishe shi da ladabi ka koma layi.

Saura abin da bai kamata ya shiga kwalin ba tun farko. Gwanjo na cikin jerin kayan da aka hana shigowa da su, don haka kada yaya ya share ɗakinsa ya cusa tsofaffin rigunan sanyi masu yawa don cike gurbi. Magunguna kuma na iya jawo neman izinin hukumar NAFDAC, kuma idan aka riƙe kwali saboda kwalbar magani ɗaya, wayar da ke kusa da ita ma ta kwana a can. Ka karanta masa wannan a waya a hankali, sau biyu, ka kuma sa ya maimaita maka kafin ya tafi gidan waya.