Hawan Kufena da Kuɗinka

A Samaru yanzu wahala ma sai an yi mata karo-karo. Ranar Asabar za ka ga ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello sun yi anko, kowa da gorar ruwa da baƙin tabarau, sun cika bas sun nufi Dutsen Kufena da ke wajen Wusasa. Su ne fa waɗanda daga ƙofar jami'a zuwa aji sai acaɓa. A can kuwa su biya kuɗi su hau dutse suna haki, rabin tafiyar ɗaukar hoto, sauran rabin neman mai riƙe musu jaka.

Bafulatanar da ke ɗauko ƙwaryar nono daga rugagen Shika, ta ratsa gonaki har kasuwar Samaru, ba a taɓa ce mata tana motsa jiki ba.

Da wani ɗan kasuwar Sabon Gari ya ji labarin, sai ya ce, "To, in an kai ƙololuwa, me ake sayarwa?" Aka ce babu, sai shan iska da hangen Zariya. Ya ce, "Allah ya ba su lafiya."

In za ka je dai, ka yi sammako, don ranar Kufena ba ta san ɗan boko ba.