Janareta Ya Tafi Shan Iska

Ranar Larabar da ta wuce, daidai lokacin da Potiskum ta ɗinke da kukan shanu da ƙugin tireloli, wani maƙwabcina, wanda Allah Ya buɗa wa a bara kuma har yau bai gama mamakin kansa ba, ya aiko a ara masa doguwar wayar wuta, domin wai zai ɗebi iyalinsa su tafi bayan gari ta hanyar Fika su kwana cikin tanti, yadda ya ga Turawa suna yi a Facebook. Na ba da waya, amma saboda shisshigin da tsufa kan gadar wa mutum, sai na bi sawun ɗan aiken.

A ƙofar gida na tarar da a-kori-kura maƙare da katifu da kuloli da fankoki, a ƙololuwar kayan kuma ga janareta an lulluɓe shi da bargo, kamar amarya za a kai ta ɗakin miji. Na ce, "Alhaji, wannan fa?" Ya ce, "Haba Malam, ai ka san daji babu wuta." Na ce, "A gida akwai ne?" Sai ya juya yana yi wa direba faɗa.

Bisa riwayar da ta iso mini daga baya, kuma isnadinta ba shi da rauni tunda daga bakin direban ta fito, tanti na farko da aka kafa na janareta ne, don kada rana ta taɓa shi, alhali uwargida da amarya da yara suna tsugune gindin aduwa suna fifita da gefen mayafi. An ɗauko masa jarkokin fetur waɗanda suka fi na ruwan sha yawa, an ɗauko masa yaron makanike wanda ba shi da wani aiki illa sauraron numfashinsa, kuma duk sa'ad da ya yi tari sai Alhaji ya zabura ya tafi gaishe shi, abin da bai yi wa autansa ba da kunama ta harbe shi. Maƙasudin tafiyar, in ji Alhaji, shi ne jin kukan tsuntsaye. To amma da injin ya ɗauki karatu, ina kyautata zaton tsuntsayen ba su zame ko'ina ba sai Dagona, can ƙasar Bade, inda mijin Sarauniyar Ingila ya je kallon 'yan'uwansu a 1989. Wani Bafulatani kuwa, wanda matarsa kan kafa bukka tsakanin azahar da la'asar, ya rataya sanda a kafaɗa yana kallon ikon Allah, har shanunsa suka shiga gonar mutane.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a bazarar garin nan, sa'ad da ɗaki kan gagari ɗan Adam tun daga magariba, babu talakan da ba ya kwana a tsakar gida bisa tabarma, kuma ban taɓa jin wanda ya ɗauki hoton kansa ya kira wannan istiraha ba. Balle kuma tanti, wanda mutanen Gujba da Gulani suka san ɗanɗanonsa a sansanonin 'yan gudun hijira na Kukareta da Pompomari tun 2014, ba da son ransu ba, ba kuma da fanka ba. Wanda ya san wannan, ya kamata ko murmushin hoton ya rage.

Sai dai mas'alar da ta raba kan majalisarmu daban ce, domin Alhaji ya dawo yana alfaharin cewa ƙasaru ya yi ta yi a can. Wani almajiri ya ce Risala ta ƙayyade mil 48, su kuwa daga inda suka sauka ana jiyo kiran sallar garin nan in injin ya mutu. Wani ya ƙara da cewa Muhtasar ya fitar da mai tafiyar lahawu daga wannan rangwame, ko da Yankari ya nufa. Wani dattijo ya kawo ƙauli na uku, cewa in an tara zirga-zirgar da direba ya yi zuwa gari, sayen fetur, da ƙanƙara, da fulogi, da cajar amarya da aka manta, lalle ta haura mil 48, saboda haka shi kaɗai ne matafiyi a cikinsu. Aka ce masa ba a haɗa zuwa da dawowa a lissafi. Ya ce a kawo masa nassi. Aka aika ɗauko littafi, mai littafin ya tafi Azare. Da aka waiwayi direban, ya ce shi dai abin da yake son sani shi ne hukuncin wanda bai sami sukunin yin azahar ba sai bayan isha.