Linzami da akwatin da ya ƙi zama kore

Bature ya ga na'urar ya ce ɓera ce, Bahaushe ya dube ta ya ce linzami. Mu muka fi gaskiya, domin tun da Douglas Engelbart ya nuna ta ga jama'a a 1968, aikinta ke nan: juya akalar kwamfuta.

Na zauna da harshen shirya manhaja Python da kayan zanensa Tkinter na zana akwati ja. Buƙatata ƙarama ce: a danna shi da linzami ya koma kore, a sake dannawa ya dawo ja. Ita kwamfuta ba ta san ja ba, lamba ta sani. Ja, kore da shuɗi kowanne daga 0 zuwa 255, a gauraya su a samu launi 16,777,216. Ni biyu kacal na roƙa.

Da farko akwatin ya koma kore kafin in taɓa komai, don na kira aikin nan take maimakon in ce ya jira dannawa. Zumuɗi kamar ɗan aike da ya ruga kafin a faɗa masa saƙo. Na gyara.

Sai na kira Kawu ya gwada. Shi kuwa komai sau biyu yake dannawa, ƙas-ƙas, tun zamanin Windows 95. Dannawar farko ta kawo kore, ta biyu ta mayar da ja, ido bai kai ga gani ba.

"Ɗana, abin naka bai aiki."

"Kawu, sau ɗaya za ku danna."

Ya gyara tabarau, ya danna sau ɗaya, sau biyu. Akwatin yana nan ja.