Fanka Ta Tsaya, Hali Ya Fito

Abin ya fi aukuwa da safe, daidai lokacin da mutum yake sauri. Ka danna makunni, maimakon tambarin Windows sai baƙin allo da farin rubutu. Bod ɗin ASUS cewa yake "CPU Fan Error!" Dell ta ce "Alert! CPU fan failure." Laftof ɗin HP ta rubuta "System Fan 90B", ta ba ka daƙiƙa 15 ka danna Enter ko ta kashe kanta. ThinkPad ta Lenovo ba ta son dogon zance: "Fan Error", sai ɗif.

Duk ƙara ɗaya suke kaiwa. Fankar da ke sanyaya firosesa tana da waya uku ko huɗu. Biyu na wuta ne, ta uku ita ke kai wa bod rahoton gudun juyawa, ta huɗu in akwai ita ce linzamin ƙara gudu da rage shi. Kafin Windows ta farka, BIOS, 'yar manhajar da ke cikin bod, yakan kasa kunne ga waya ta ukun nan. In ya ji shiru, ko ya ji gudun bai kai ƙa'ida ba, sai ya faɗa maka. Na'ura ta gama nata ke nan, saura na ɗan Adam.

Wanda ya fi kowa yawa shi ne Malam F1. Galibi a ofis yake, gaban tsohuwar kwamfutar tebur wadda F1 ke nufin "wuce" a wajenta. Ranar farko da saƙon ya fito wani ya ce masa ya danna nan, ya danna, ta wuce. Tun daga ranar F1 ta shiga cikin ladubban buɗe aiki: a yi bismilla, a kakkaɓe kujera, a danna makunni, a danna F1. Bai taɓa karanta rubutun ba, kuma in ka tsare shi zai rantse haka kamfani ya ƙero ta. In aka kawo sabon ma'aikaci, da kansa yake koya masa: "Ka ga wannan, sai ka gaishe ta da F1 tukuna." Wajen azahar kwamfutar takan fara ja da baya, don firosesa in ta doshi digiri 100 rage gudunta take yi da kanta don kada ta ƙone, in abin ya faskara ta ɗauke gaba ɗaya. Malam F1 ya san dalilin wannan ma. "Netuwok ne," in ji shi, alhali wasiƙa yake bugawa.

Bayansa akwai mai mari. Shi a ganinsa babu na'urar da ba ta jin hannu, tun daga rediyon mahaifinsa. Abin haushin, wani lokaci yana dacewa: fankar da ƙura ta riƙe ko gindinta ya bushe takan motsa in an girgiza ta, sai saƙon ya ɓace kwana biyu. Wannan nasara ce take lalata shi. Daga mari ɗaya a gefe ya koma biyu, daga tafi ya koma dunƙule, har ranar da hadis ɗin, faifan ajiyar da ke juyawa a ciki, ya karɓi rabonsa, takardun shekara uku suka tafi.

Mai neman wanda za a ɗora wa laifi kuwa nasa aikin ya fi yawa. Da farko yara ne suka taɓa. In babu yara a gidan, 'yan NEPA ne da wutarsu mai rawa. In sola yake amfani da ita, to bairos ne, kuma filashin abokin aikinsa ne ya kawo shi, ya ma san ranar. Sai ya ɗauki kwamfuta ya kai a yi mata fomatin, a share komai a zuba sabuwar Windows. Ya biya, ya dawo gida, ya kunna, saƙon na nan daram, don kuwa tun kafin a kai ga Windows yake fitowa, ba ruwansa da abin da aka zuba ko aka kwashe. Daga nan zargi ya bar na'ura ya koma kan mutane. Zai sassauta murya ya ce maka, "Tun da aka yi mini ƙarin girman nan abubuwa suke ta faruwa."

Hajiya mai katifa ba ta zargin kowa, ita dai a bar ta ta ƙarasa kallonta. Laftof a kan bargo, bargo a kan katifa, fim mai dogon zango ana kashi na 40. Kafofin shan iskar laftof a ƙasanta suke, bargo ya rufe su ruf, ɗan abin da fanka ta samu ta zuƙa kuma zare ne da gashi. Ga hazon hunturu na shigowa ta taga daga Disamba zuwa Fabrairu, sannan zafin Afrilu ya zo ya tarar da hanya a toshe. Da saƙon ya fito sai ta kira ƙaramin gidan: "Auta, zo ka cire mini wannan Turancin."

Akwai masu tausayi, su ne suka fi ban dariya, don sun fahimci rabin zancen. Sun gane zafi ne matsalar, sai suka tashi yaƙi da zafi ta waje. Wannan ya cire murfin gefe ya kafa fankar tsaye tana hura ciki, ofis duk takardu na tashi. Wancan ya jera ledojin fiya wata masu ƙanƙara a ƙarƙashin laftof. Wani har firji yake sa ta minti goma kafin ya kunna, bai san raɓar da za ta taru a kan bod in ta fito ta fi zafin haɗari ba. Kuma duk wahalar nan saƙon ba ya tafiya, tunda BIOS ba tambaya yake ko ɗakin da sanyi ba. Fankarsa yake nema.

Ɗan'uwansu na kusa shi ne wanda ke kai kwamfuta wajen mai faci. A gaskiya tunaninsa ba laifi, ƙura ce, iska ce maganinta. Amma iskar da ke cika tayar tirela in ta bugi 'yar fankar roba sai ta juya ta fiye da gudun da aka yi ta dominsa, gindin ya ci wuya ko fiffike ya karye. Da ya sa tsinke ya tare fiffiken kafin a hura, da an rabu lafiya. Shi kuwa yana tsaye yana murna da kukan da take yi: "Ka ji ta! Ai ta tashi!"

Sai gwanin YouTube, wanda ya cancanci a daɗe a kansa, don shi kaɗai ne ke shiga BIOS da gangan. Ya kalli bidiyon minti uku, ya gano inda aka rubuta gudun fankar firosesa, ya mayar da shi "Ignore". Ya sake kunnawa, allo fes, babu saƙo. Daga ranar ya zama injiniyan unguwa, yana yi wa mutane kyauta. Kamar mutumin da mai gadi ya ce masa ɓarawo ya haura katanga, sai ya sallami mai gadin don ya samu barci. Sai dai a yi masa adalci, akwai inda dabararsa take daidai. Wanda ya sa na'urar sanyaya ta ruwa ya bar ramin CPU_FAN babu komai zai ga saƙon nan alhali firosesarsa lafiya lau. Haka wanda ya sa babbar fanka mai juyawa a hankali, wadda da sanyin safiya ba ta kai mafi ƙarancin gudun da aka gindaya a BIOS ba, misali juyi 600 a minti; shi rage wannan iyaka kawai zai yi. Bambancin duka a kallo ɗaya yake: buɗe murfi, kunna, duba ko fanka na juyawa. Gwanin namu bai taɓa buɗewa ba, ba shi da sukuddireba.

Wanda ke da sukuddireba kuma wani bala'in ne. Shi ya haɗa kwamfutarsa da hannunsa, ya ɗauki hoto ya sa a Facebook, amma ya soke wayar fanka a ramin CHA_FAN, na fankar akwati, ya bar na firosesa a buɗe. Fanka na juyawa, bod na cewa bai gan ta ba, shi kuma yana shirin mayar da kaya wai an sayar masa da jabu. In farin man da ake shafawa tsakanin firosesa da ƙarfen jan zafi ya bushe, makilin yake matsawa a wurin, wai ai duk fari ne kuma yana da sanyi a baki. Fanka in ta yi ƙara, man gyaɗa. Bayan wata ɗaya man ya yi danƙo ya kama ƙura, fankar da a da take kuka yanzu ko motsi ba ta yi.

Ƙarshenta dukansu a benci ɗaya suke haɗuwa, a shagon mai gyara, ko a titin Beirut a Kano ko a Banex a Abuja. Masu gyaran ma iri biyu ne. Akwai wanda tun kafin ka gama sallama ya kaɗa kai ya ce, "Alhaji, bod ne ya tafi," ya kuma tuna yana da wata 'yar gwanjo mai kyau da zai bar maka da sauƙi. Akwai kuma wanda zai kwance sukurori ya jera su a murfin gwangwani, ya ɗaga fanka, ya zaro dunƙulen ƙura da gashi daga bakin ƙarfen jan zafi, ya goge da tsohon buroshin haƙori, ya danna wayar da ta yi sako-sako ta zauna, ya shafa sabon mai. In fankar ta mutu ne ya sake wata. Minti ashirin, ya kunna, Windows ta fito salin alin.

A nan ne nau'i na ƙarshe yake bayyana, kuma kowane daga cikin na baya yana iya rikiɗa ya zama shi. Ya leƙa dunƙulen ƙurar da ke kan tebur, ya leƙa mai gyara, ya mayar da hannu aljihu.

"Haba Oga, yanzu don wannan 'yar ƙurar za ka caje ni? Ai ba ka yi komai ba."

"To ranka ya daɗe, in mayar maka da ita?"