Bakano, Tsohon Nan Ya Fi Ƙarfin Kunnenka

Bakano bawana, gaisuwar ubangida zuwa ga yaronsa. Labari ya iso mana nan Zazzau cewa ka zauna a bakin shagonka a Kantin Kwari, ka miƙe ƙafa, kana yanke wa Bob Dylan hukunci. Wai tsohon ba mawaƙi ba ne, ta hanci yake rera waƙa, kuma da gidan biki ya kawo wannan gurnani nasa da ko sisi ba mai liƙa masa. Har ka ƙara da cewa Turawan Suwidin da suka ba shi kyautar Nobel ta adabi a 2016 sanyin ƙasarsu ne ya toshe musu kunne. Wallahi na ji daɗin labarin, don ban taɓa sanin akwai sautin da ke shiga kunnen Bakano ba in ban da na injin ƙirga kuɗi.

Bari in fara miƙa maka abin da yake naka, kada ka zaga gari kana cewa Bazazzagi ya danne ka. Muryar ba ta da zaƙi. Tun yana saurayi ba ta da shi, balle yanzu da ya haura tamanin, tunda a 1941 aka haife shi a garin Duluth na jihar Minnesota. Sai dai ba kai ka fara gano haka ba, don haka daina hura hanci. Faifansa na farko da ya fito a 1962 kwantai ya yi, har mutanen kamfanin Columbia suka riƙa yi wa John Hammond, wanda ya ɗauko shi, dariyar ya tafka wauta. Hammond ɗin kuwa shi ne ya fito da Billie Holiday, ya ɗauki Aretha Franklin, daga baya ya ɗauki Bruce Springsteen, ka ga ba mai mataccen kunne ba ne. A 1985 ma, daren da manyan mawaƙan Amurka suka taru suka yi waƙar nan ta tara wa masu fama da yunwa a Habasha gudummawa, Dylan tsuru-tsuru ya yi a tsakiyarsu, ya rasa ta inda zai kama ɗan layin da aka ba shi, sai da Stevie Wonder ya zauna a gaban piyano ya kwaikwayi muryarsa ya nuna masa yadda Bob Dylan yake waƙa. Ka ga na ƙara maka harsashi kyauta. Na san Bakano ba ya ƙin kyauta.

An ce babbar hujjarka, wadda kake bugun tebur idan ka kawo ta, ita ce duk waƙar Dylan da ka ji ta yi daɗi a bakin wani ka ji ta. Haka ne. "Blowin' in the Wind" sai da Peter, Paul da Mary suka rera ta a 1963 sannan ta cika gidajen rediyo. "Mr. Tambourine Man" ƙungiyar The Byrds ce ta kai ta matsayi na ɗaya a 1965. "All Along the Watchtower" ɗan gajeren abu ce mai sanyi a faifansa na 1967, Jimi Hendrix ya ɗauke ta a 1968 ya mai da ita tsawa da jitarsa, har shi mai waƙar ya koma yana kaɗa ta irin ta Hendrix. "Make You Feel My Love" kuwa, wadda ya fitar a 1997, yaran yanzu da yawa sun ɗauka ta Adele ce, yarinyar da ya girma da shekara 47.

To bawan Allah, wa kake wa aiki da wannan hujja, ni ko kai? Kai fa mai sayar da shadda ne. Ka fi kowa sanin cewa a cikin leda, ƙarƙashin fitilar shago, kowace shadda ƙyalli take yi, har ta bogin da kake rantsuwa a kanta. Sai an kai ta wanki sau uku, an buga, an shanya a rana, sannan ake gane mai gaskiya. Wankin waƙa shi ne bakin wasu. A raba ta da mai ita, a cire muryarsa da fuskarsa da zamaninsa, a ba wa mace, a ba wa baƙar fata mai kiɗan coci, a ba wa 'yan rok masu gashi har kafaɗa, a ga ko akwai abin da zai rage. Waƙoƙi da yawa da suka girgiza duniya ba sa tsallake wannan, domin daɗinsu a maƙogwaron mai su yake, ranar da maƙogwaron ya tsufa su ma sun tsufa. Na wannan tsoho an fi shekara sittin ana jiƙa su ana matsewa, launi bai zuba ba. Sam Cooke, wanda a zamaninsa ba a cika samun mai zaƙin muryarsa ba, da ya ji "Blowin' in the Wind" abin ya tsaya masa a rai, a ce farar fata ne ya rubuta irin wannan kan halin da baƙaƙe ke ciki. Ya riƙa rera ta a wasanninsa, sannan ya zauna ya rubuta tasa, "A Change Is Gonna Come", wadda ta zama ta gaba-gaba a gwagwarmayar baƙaƙen Amurka. Mai zaƙin murya ne fa ya bi sawun mai waƙa ta hanci.

Na san abin da za ka ce, a duba ciniki. To a duba. A babban jadawalin mujallar Billboard na waƙoƙi ɗari da suka fi kasuwa a Amurka, Dylan bai taɓa hawa na ɗaya da waƙar da ya fitar da sunansa ba. "Like a Rolling Stone" ta 1965, mai minti shida a lokacin da gidajen rediyo ba sa son abin da ya wuce uku, a na biyu ta tsaya. Shekarar da ta biyo baya wani sajan mai suna Barry Sadler ya yi waƙar yabon sojojin Amurka na musamman, ana tsakiyar yaƙin Biyetnam, ta yi mako biyar a na ɗaya. Da a lokacin an ce ka zuba jari a kan ɗayansu, na san da gudu za ka bi sajan. Yau ka fita titin Amurka ka nemo mini saurayin da zai rera maka ita.

Batun muryar ma ban gama da kai ba. Zaƙi daban, iya waƙa daban. Akwai mawaƙin da idan ya buɗe baki muryarsa kake saurare, ka tashi ba ka riƙe ko kalma ɗaya ba. Shi wannan ya san inda zai ja kalma, da inda zai cije ta, da inda zai jefo ta a makare har ka ɗauka ta kuɓuce masa. Ɗauki waƙarsa a kan Hattie Carroll. Mace ce baƙar fata mai shekara 51, tana aikin raba abin sha a wani otal a Baltimore ta jihar Maryland. A watan Fabrairun 1963 wani matashi ɗan masu gonar taba, William Zantzinger, ya zo a buge ya kwaɗa mata sanda, bayan 'yan sa'o'i ta cika. Kotu ta ba shi wata shida. An yanke hukuncin ne ran 28 ga Agusta, ranar da Martin Luther King ya yi shahararren jawabinsa a Washinton, taron da shi Dylan ɗin ma ya yi waƙa a cikinsa. Da ya zo ba da wannan labari bai yi kuka ba, bai yi ihu ba, ya jero shi ne a bushe, daki-daki, yadda mai ba da shaida yake yi a gaban alƙali, ya ajiye wata shidan nan sai can ƙarshe. Ka ba wa mai murya kamar sarewa wannan labari, sai mutane su lumshe ido suna jin daɗi, alhali abin da ake faɗa ba na jin daɗi ba ne. Da ba don waƙar ba, da sunan matar nan ya daɗe da ɓacewa a cikin tsoffin jaridun Maryland.

Akwai kuma halinsa da na san ba zai taɓa shiga kanka ba, wato ƙin ba wa mai saye abin da ya zo nema. Masoyansa na farko masu son waƙar gargajiya ne, mutum ɗaya da jitar katako da 'yar busar baki. Ran 25 ga Yulin 1965, a bikin waƙoƙin gargajiya na Newport, sai ga shi a dandamali da jita mai lantarki da makaɗa masu ƙarar tsiya. Wasu suka yi masa ihu. A watan Mayun 1966, a Mancista ta Ingila, wani daga cikin 'yan kallo ya ɗaga murya ya kira shi Yahuza, wato maci amana. Shi kuwa ya juya ya ce wa makaɗansa su ƙara ƙarfi. Kai da mai saye zai ɗan yamutsa fuska ka sauko da dila goma kana “Alhaji duba wannan”, ina za ka gane mutumin da ake zagi yana ƙara wuta? Tun 1988 yake yawon wasa kusan ba hutu, ya haura wasa 3,000, kuma har yau sai ya sauya wa tsohuwar waƙa kiɗa da tafiya, mutum ya biya kuɗin tikiti ya zauna, sai an kai tsakiya ya gane ashe wadda ya zo ji ce ake yi. Ni kaina wannan yana ba ni haushi wani lokaci. Amma na lura mawaƙan da suka yarda suka zama masu maimaita ƙuruciyarsu kowane dare, waƙoƙinsu sun riga su mutuwa.

Ka ce ɓarawo ne. Nan kam akwai ƙamshin gaskiya. Karin "Blowin' in the Wind" daga wata tsohuwar waƙar bayin Amurka ya samo shi, shi da kansa ya faɗa, kuma a gidan waƙar gargajiya wannan ba sata ba ce, kowa daga rijiyar magabata yake ɗiba. Wanda ba zan kare shi a kai ba shi ne laccar Nobel da ya aika a 2017, inda wata 'yar jarida ta nuna cewa wasu jimlolinsa a kan littafin Moby-Dick sun yi kama ƙwarai da na wani shafin taƙaita littattafai da ɗalibai malalata ke leƙawa daren jarrabawa. Wannan ka riƙe, na bar maka.

Kada kuma ka ɗauka da Nobel nake tinƙaho. Wanda aka fara ba wa kyautar a 1901 wani Bafaranshe ne, Sully Prudhomme, wanda yau sai an tona ake tuna shi, alhali Tolstoy yana raye har 1910 bai samu ba. Shi Dylan ɗin ma da aka sanar da tasa ran 13 ga Oktoban 2016, shiru ya yi kusan mako biyu, har wani ɗan kwamitin ya kira shi mai girman kai. Ranar bikin bai je ba, Patti Smith ce ta rera waƙarsa a madadinsa. Marubuta da yawa sun ji haushi, Wole Soyinka ma, wanda ya karɓi tasa a 1986, ya yi shaguɓen cewa tunda haka ne shi ma a sa sunansa a kyautar mawaƙa ta Grammy. Tambayar da ta tayar da ƙurar ita ce ko abin da ake rerawa da kiɗa ya cancanci a kira shi adabi. Mu nan Zariya mun daɗe da wuce wurin. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Alhaji Mamman Shata digirin girmamawa na dakta tun 1988, shekara 28 kafin mutanen Suwidin su farga. Ilimi ai gida gare shi, kuma ka san hanyar gidan, ta Kwanar Dangora ake biyowa.

Yanzu gyara zama, ga inda za ka ji daɗi. A watan Disambar 2020 kamfanin Universal ya sayi haƙƙin mallakar waƙoƙin Dylan sama da 600, a kan kuɗin da jaridu suka ce ya haura dala miliyan 300. Na ji har ka ajiye kofin shayi. To ka san me suka saya? Ba muryar ba. Faya-fayan da muryar take ciki cinikinsu daban ne, kamfanin Sony ne ya kwashe su daga baya. Abin da Universal ya biya wa wannan dukiya shi ne kalmomi da kari, wato ikon karɓar kuɗi duk ranar da wani ya rera, ko aka sa a fim, ko a talla. 'Yan kasuwa ne irinka, masu lissafi da biro a bayan kunne, suka zauna suka auna, suka ga jikokin da ba a haifa ba za su ci gaba da buɗe baki suna rera abin da tsohon nan ya rubuta, suka zuba kuɗinsu a kan maganar da nake gaya maka tun ɗazu kyauta. Na tabbata zuwa yanzu muryar ta fara yi maka daɗi.

Kuma ko da waƙar ta ƙi, mutumin yana da sana'ar hannu. A Hibbing ya tashi, garin masu haƙar tama, kuma yana haɗa ƙofofi da tsofaffin ƙarafa, walda sosai da tartsatsi, har an baje kolinsu a Landan a 2013. Kada ka tambaye ni ko yana ba da sari.

Hukuncinka dai mai sauƙi ne. Ranar Asabar, ranar da kasuwa ta fi ci, za ka rufe shago ka taho Zariya da gurasa mai yawa, ka durƙusa ka gai da iyayen gidanka. In ka huta zan kunna maka waƙar da ya fitar a 2020, yana gab da cika shekara 79, a kan kisan Shugaba Kennedy. Kusan minti 17 ce, kuma wayarka tana aljihuna har a gama.