Kai Yara Gona Lokacin Kaka

Kaka a ƙasar Hausa takan kama ne wajen Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa, lokacin roron wake da cirar gyaɗa, kafin a kai ga yankan dawa. A nan ake tafiya da ƙananan yara gona da sunan taya aiki. Aikin nasu sananne ne: shan takanɗa, cin ɗanyar gyaɗa, da bin fara a guje ta tsakiyar waken da ba a rore ba. Kwandon yaro yakan dawo rabi, cikinsa kuwa taf. Ƙarangiya kaɗai ke iya tsayar da shi. Da yamma akan wuce kallon dambe, amma kafin a gama ɗaura zare ma'aikacin ya yi barci, sai uban ya ɗauko shi, ya haɗa da kwandon.