Safaya Tana Gida

Ban san yawan injiniyoyin da Allah ya hore wa kudancin Sakkwato ba sai ranar da tayarmu ta fashe tsakanin Tambuwal da Kebbe. Mu tara ne a Golf mai cin mutum biyar, ban da buhun albasa da akuyar wata dattijuwa.

Muna cikin tafiya sai ji muka yi fam! A zamanin nan kowace ƙara bindiga ce har sai an tabbatar, don haka wani Alhaji da ya taso tun daga tasha yana ba mu labarin jarumtarsa ya cusa kai tsakanin gwiwoyina. Sauran kuwa ihu suke: "Birki! Taka birki!" Allah ya sa direban bai jin magana. Ya riƙe sitiyari gam, ya ɗage ƙafa daga totur, ya bar motar ta lafa da kanta har muka gangara gefen hanya. Da ya bi shawararmu, da yanzu muna Aliero wajen masu ɗori.

Nan take kwamiti ya zauna. Alhaji ya fito, ya gyara hula, ya harbi tayar da ƙafa kamar za ta ba shi amsa. "Wagga taya ai ta gaji," in ji shi. Wani malamin makaranta ya durƙusa ya karanto lambobi huɗun da ke jikinta, ya ce biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekarar da aka ƙera ta. Da aka lissafa, tayar ta girmi yaron motar.

"Direba, ina safaya?"

"Tana gida, Alhaji."

"Mi take yi gida?"

"Ita ma faci gare ta."

Jak kuwa yana wurin wani abokinsa tun Sallar bara. Sifana ce kaɗai a but, aka yi hamdala. Yaron mota ya karyo ganye ya jera a kan titi, wanda shi ne alamar gargaɗinmu ta gado. Muka ari jak wurin mai motar itace, aka ɗaga mota sama, sannan aka tuna ba a sassauta notuna ba. Taya na ta juyawa, mutum shida suna ba da umarni, mutum ɗaya na zufa. Ni ma, kada in yi ƙarya, hannuna na cikin aljihu ina cewa "a hankali dai".

Aka ɗora tayar a kan babur zuwa wurin mai faci a Tambuwal. Ya duba ta, ya ce bai ga inda zai liƙa sabon faci ba sai dai a kan tsoho. Direba ya sayo wata 'yar Kwatano, wadda malamin ya ƙi karanta lambarta don kada ransa ya ɓaci.

Muka tashi bayan La'asar. Kafin mu shiga Kebbe, Alhaji ya kira gida yana faɗa musu yadda ya kama sitiyari ya ceci rayuka tara.